Daga bukkar damina zuwa soro: tarihin gidan gonarmu a ƙasar Ƙaura

Gidan gonarmu yana cikin wata tunga da ke gefen hanyar da ta tashi daga Ƙaura Namoda ta nufi Zurmi, kuma zuriya uku ce ta gina shi bi da bi kafin ya iso hannunmu. Wanda ya san abin da zai duba yana iya karanta wannan jeri a jikin bangon kansa, domin ƙasar da kakan mahaifina ya kwaɓa da ƙafarsa dabam take da tubalin da maginin kakana ya ɗora, shi kuma dabam yake da bulon da baffana ya sauke a ƙofar gida daga baya. A gidan aka haife ni, a zaurensa na fara wanke allo, kuma tun ranar da iyalinmu suka bar shi nake jin nauyin in rubuta yadda aka yi shi, tun da sauran dattawan da za su gyara mini idan na kauce.

A ƙarni na 19 babu magidancin da zai yarda ya kwana da iyalinsa a tsakiyar gona a wannan yanki. Bayan Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, Gobirawa da Katsinawan da ba su miƙa wuya ba sun ja arewa, suka kafu a Tsibiri da Maraɗi, suka riƙa kawo hari ƙasar Zamfara shekara da shekaru, garuruwa irin su Ƙaura da Zurmi kuwa su ne a bakin daga. Saboda haka manomi a cikin ganuwa yake kwana, ya fita da asuba, ya komo kafin a rufe ƙofa, gonarsa kuma ba ta wuce nisan da zai iya shekawa ya tsira ba. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, irin wannan hari ya lafa, ko da yake haraji da aikin tilas sun zo da tasu wahalar. Sai mutane suka fara fita suna saran daji mai nisa, inda ƙasa ba ta gaji ba, kuma daga nan tungaye masu yawa suka samo asali, shi ya sa za ka ji yawancinsu suna ɗauke da sunan mutumin da ya fara kafa bukka a wurin.

Kakan mahaifina yana cikin waɗanda suka fita a wancan lokaci. Abin da ya fara kafawa bukkar kara ce da yake fakewa a ciki da damina, idan an gama kaka ya ɗora damman gero da dawa a kan jakai ya koma gari. Ginin da ya fara zama na dindindin a wurin kuwa rumbu ne, kuma ina ganin duk tarihin gidan daga nan ya taso. Da gonar ta yi faɗi, jigilar hatsi zuwa gari ta zama asarar lokaci da ƙarfi, sai ya jera duwatsu, ya ɗora itace, ya kewaye da zana, ya yi masa hular ciyawa. To, hatsi ba ya kwana a daji shi kaɗai. Dole wani ya zauna ya tsare shi daga ɓarawo da gobarar daji, mai tsaro kuma yana bukatar mai dafa masa abinci, ita kuma tana bukatar rijiya da darnin da zai suturta ta. Kafin a ankara, wanda ya je tsaron rumbu ya zama mai gida.

Ɗakunan farko kewayayyu ne, bangonsu ƙasa, rufinsu jinka. Ana ɗaure tsaikon a ƙasa da gora da igiya, a baibaye shi da shuci, sa'an nan a kira maƙwabta su kama a ɗora shi a kan bango. Na ga an yi wannan sau da yawa ina yaro, maza shida ko takwas sun sa kafaɗa, wani dattijo yana gefe yana ba da umarni, kuma tun daga lokacin idan na ji an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan rana ce take faɗo mini kafin ma'anar karin maganar. Ɗaya daga cikin waɗannan ɗakuna ya kai har zamaninmu, kakata ta ƙi yarda a rushe shi, a ciki take ajiye tukwanenta da kalwar daddawa.

Soro ya shigo gidan ne ta dalilin jirgin ƙasa. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura a 1929, a nan kuma ya tsaya. Ƙaura ta zama wurin da ake tara gyaɗa da auduga daga ƙauyukan da ke kewaye, manomin da a da yake noma abin da zai ci kawai ya fara riƙe kuɗi a hannu bayan kaka. Kakana, wanda a lokacin ya karɓi ragamar gandu daga mahaifinsa, ya tara kuɗin audugar shekaru, ya je gari ya ɗauko magini. Aikin ginin na rani ne, ana fara shi bayan an kai amfanin gona gida, kuma dole a rufe kafin ruwan farko ya sauka, domin bangon da bai sami rufi ba idan damina ta riske shi ya koma inda ya fito.

Ƙasar ginin a bayan gidan aka haƙo ta. Kududdufin da muke wanka a ciki da damina, wanda iyayenmu ke hana mu kusanta idan ya cika, shi ne ramin da zaure da soraye suka fito daga cikinsa, kuma duk ɗakin da aka ƙara sai ya ƙara faɗi. Ana zaɓen jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a sake tattakewa har sai ta yi danƙo. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindinsa da faɗi, kansa a tsuke kamar ƙwai, a shanya shi wajen mako biyu. Magini yana zaune ne a kan bangon da yake ginawa, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yaransa suna jefo masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa, yana jera su tsinin yana kallon sama, yana cike tsakaninsu. Ba ya ɗora jeri da yawa a rana guda, sai na ƙasa ya sha iska ya iya ɗaukar nauyi. Bangon zaurenmu a gindi ya fi kamu biyu kauri, yana tafiya yana sirancewa har ya kai sama, abin da ya sa idan ka tsaya daga nesa za ka ga kamar ginin ya ɗan kishingiɗa ciki. Wannan kauri shi ne sirrin sanyin da ake samu a ciki da bazara, domin zafin rana yana ɗaukar yini guda kafin ya ratsa bangon, idan ya ratso kuma dare ya yi, lokacin da ake son ɗumin, musamman da hunturu.

Rufin shi ne inda gwani yake bambanta da mai koyo. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma namijin giginya aka fi nema saboda taurinsa da kuma yadda gara ba ta cika cin sa ba. Sai dai azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamu huɗu ko kusa da haka, don haka girman ɗaki a ginin Hausa tsawon azara ne yake yanke shi. A sorayen cikin gida maginin ya yi amfani da tauyi, wato ya fito da gajerun azaru daga saman bango da kusurwoyi don ya rage tazarar, sa'an nan ya shimfiɗa dogayen a kansu. A zaure kuwa ya nuna iyakar abin da ya iya. Ya fito da bakan gizo daga bango huɗu, yana ɗaure azara a kan azara da igiya, kowace tana ɗan leƙowa gaba da ta ƙasanta, har bakuna biyu suka haɗu suka gitta juna a tsakiya, ya lulluɓe su da ƙasa. Wannan shi ake kira ɗaurin guga, saboda ya yi kama da yadda ake gitta itace a bakin gugan rijiya. Dabarar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi amfani da ita a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 ke nan, sai dai a nan an yi ta daidai ƙarfin manomi. A kan azara an shimfiɗa zana, an bi da ƙasa hawa-hawa, an karkatar da ita zuwa bakin indararo, an kewaye da rawani, wato gajeren bangon da ke bin gefen rufi, an tsayar da zanko a kowace kusurwa.

Na kwana a ƙarƙashin wannan rufi shekaru ina almajirin gida. Da dare muna kewaye da wutar kara muna karatu, hayaƙi ya mayar da azarun baƙi ƙirin suna sheƙi, tsofaffi kuma suna cewa wannan hayaƙi yana cikin abin da ya kore musu ƙwari. Idan na gaji da karatu nakan kwanta rigingine ina bin jerin azarun da ido, yadda maginin ya shimfiɗa su a karkace a kowane kashi huɗu na rufin, wannan kashi suna kallon gabas, na kusa da shi suna kallon arewa, kamar saƙar tabarma. Ba domin ado kaɗai ya yi haka ba, gajeriyar hanya yake nema wa kowace azara.

Tsarin gidan kuma yana bin tsarin zaman mutanensa. Baƙo iyakarsa zaure. Ƙofar da ke fita daga zaure zuwa ciki ba ta fuskantar ƙofar waje, an kautar da ita gefe don kada idon mai wucewa ya faɗa cikin gida. Bayan zaure akwai fili inda turken doki da ɗakin samari suke, sai shigifa, wadda dangi na kusa kaɗai ke wuce ta, sai tsakar gida. Turakar kakana tana kallon shigifa yadda zai san mai shiga da mai fita, ɗakunan mata suna bayanta, madafi da turame suna ƙarƙashin bishiyar darbejiya, garken awaki da akurkin kaji suna can ƙurya. Duk ɗan da ya yi aure ana yanka masa sashe a gina masa ɗaki, idan ya ƙara aure a ƙara wani, idan tsoho ya rasu ɗakinsa ya zama ma'ajiya ko a bar shi ya zube ƙasarsa ta shiga wani ginin. Gandu ne yake riƙe da wannan duka: 'ya'ya da ƙanne suna noma babbar gona tare a ƙarƙashin maigida, shi kuma yana ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure, kowa kuma yana da gayaunarsa da yake taɓawa da yamma.

Rumbunan sun ƙaru har suka kai bakwai, uku daga cikinsu na ƙasa ne, irin wanda ake kira rufewa, mu a nan mu ce ruhewa. An ɗora su a kan duwatsu don iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi, laima da gara su rasa hanya, bakinsu kuma yana sama, an kife shi da hular ciyawa. Maigida kaɗai ke ba da izinin buɗewa. Idan hatsi ya yi ƙasa, yaro ake ɗagawa a zura shi ta bakin, kuma na sha zama wannan yaro. Ciki duhu ne da ɗumi da ƙamshin tsohon gero, ƙaiƙayi yana cin wuya, kana miƙo zangarniya sama mahaifinka yana karɓa, muryarsa tana zuwa maka kamar daga bakin rijiya. Kakana yana da ruhewa guda da ba a taɓa ta sai an ga yadda sabuwar damina ta kama, kuma ita ce ta riƙe gidan a farin 1973, lokacin da maƙwabta da dama suka sayar da dabbobinsu suka tafi ci-rani.

Abin da mutanen yau suka fi mantawa game da gidan ƙasa shi ne cewa ba a gama gina shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ana bin rufi da bango da yaɓe, a toshe tsaga, a gyara bakin indararo, a shafe da ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, shi ne yake sa ruwa ya zame maimakon ya shiga. Masu hali a gari suna amfani da laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, wanda ya fi makuba daɗewa, amma a tunga rufin zaure kaɗai aka taɓa yi wa shi. Daɓen ƙasa kuwa aikin mata ne. Idan za a kawo amarya, matan tungar sukan taru da madaɓansu, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, su durƙusa a jere suna bugu tare da waƙa, har ƙasan ɗakin ya yi santsi da sheƙi kamar bayan ƙwarya. Duk wannan ba ya cin kuɗi sosai, hannu yake ci, kuma muddin gandu yana tsaye akwai hannun.

Ba zan ce gidan ƙasa ba shi da aibi ba. Tagoginsa ƙanana ne, ciki da duhu ko da rana tsaka, kunama da ɓera suna samun maɓoya, jinka kuma abincin wuta ce, sau biyu gobara ta cinye ɗakunan baya a sanina. Saboda haka da baffana, wanda ke aikin gwamnati a Gusau, ya karɓi kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, a 1975 ya sayo kwanon rufi da buhunan siminti, babu wanda ya ga laifinsa. Masana'antar Kalambaina da ke Sakkwato ta fara fitar da siminti tun 1967, samunsa ya yi sauƙi, kuma ɗakin bulo mai rufin kwano shi ne shaidar cewa gida ya haifi ɗa. Ya gina ɗakuna biyu a sashensa, masu manyan tagogi da ƙyauren ƙarfe. Da damina sun fi kowane ɗaki kwanciyar hankali, amma daga watan Maris zuwa Mayu matarsa da 'ya'yanta a tsohon ɗakin kakata suke yin ƙailula.

Kuskuren da ya yi, da kyakkyawar niyya, shi ne shafe bangon turakar kakana da siminti don a huta da yaɓen shekara-shekara. Kakana ya tsaya yana kallon masu aikin, ya ce masa: "Ɗana, wanga abu da ƙasa kishiyoyi na, ba su zama ɗaki guda." Baffa ya ce, "Baba, a gari haka kowa ke yi." Tsohon bai ƙara magana ba. Abin da ke faruwa shi ne ƙasa tana kumbura da laima tana tsukewa da rani, siminti kuwa ba ya motsi tare da ita, sai ya rabu da bangon ya bar rata a tsakani. Da zarar ya yi 'yar tsaga ruwa ya shiga, ba shi da hanyar fita, rana kuma ba ta kai gare shi, sai ya zauna yana cin bangon daga ciki alhali daga waje komai lafiya lau. Bangon da aka yaɓe da ƙasa yana nuna ciwonsa a fili, mai gida ya gani ya gyara. Wannan kuwa ya ɓoye nasa har wani dare a watan Agusta, bayan kwana uku ana ruwa, muka ji ƙara kamar an sare babbar bishiya. Da gari ya waye muka tarar da bangon gabas a ƙasa, fallayen siminti a kwance kamar fasasshen tulu, ƙasar da ke bayansu ta zama kunu. Allah ya kiyaye, kakana ya kwana a zaure a wannan dare saboda baƙo.

Bayan rasuwarsa aka raba gado, gandu ya watse, kowa ya kama gonarsa da tukunyarsa. Aka ja katanga ta ratsa tsakar gida, aka fasa sabuwar ƙofa ta yamma wadda ba ta bi ta zaure. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta ƙara janye samarinmu, wasu aikin ofis, wasu kasuwa, wasu acaɓa. Zaure ya zama na kowa, abin da yake na kowa kuma shi ake bari sai baɗi. Mahaifina ne kaɗai ya ci gaba da hawa rufin duk bazara da kwandon ƙasa, har gwiwa ta hana shi, kuma a lokacin makubar ma sai an sayo ta a kasuwa, domin yawancin ɗorawar da ke gonakin an sare ta an yi itacen wuta.

Daga wajen 2011 'yan bindiga suka fara addabar ƙauyukan Zamfara, satar shanu ta koma satar mutane, har ta kai manomi sai ya biya kafin ya girbe abin da ya shuka. Shekaru muna cijewa, daga baya muka kwashe tsofaffi da mata da yara muka dawo da su Ƙaura, garin da kakan mahaifina ya fita daga cikinsa da jakinsa da gatarinsa. Yanzu masu ƙarfin hali a cikinmu suna zuwa gona da safe su komo kafin la'asar.

A bazarar da ta wuce na bi ƙanena a babur muka je. Kwanon ɗakunan baffa an ɓalle an tafi da shi, har da ƙyauren. Ruhewa biyu sun fashe, gara ta yi gini a cikin shigifa. Zauren yana tsaye, amma indararon arewa ya karye, ruwan damina biyu ya bi bango ya haƙa rami mai zurfin da hannuna ya shige har gwiwar hannu. Na kira mahaifina a waya na faɗa masa, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, kada ku bari ya faɗi da azarun a ciki, na kakanku ne, ba a samun irinsu yanzu." Na ce masa mu ba shi shekara guda tukuna. Muka roƙi wani maƙwabci da bai tashi ba ya ara mana jaki da garwa, muka ɗebo ƙasa daga bakin kududdufi, muka tattake ta da ciyawa, muka cike ramin, ƙanena ya hau ya ɗaura guntun kwano a madadin indararon. Ba mu sami makuba ba, kuma ba mu jira yaɓen ya bushe ba, domin rana ta fara karkata kuma hanyar ba ta biyuwa bayan la'asar.